Rufin Kofin Evelio

Yayana Evelio bai taɓa yarda an kayar da shi a gardama ba sai bara. Ya rantse gwiwarsa na sanar da shi zuwan ruwa tun hadari na bayan dutse, ya shanya 'ya'yan kofin gonarsa ya je ya miƙe. Ruwa ya jiƙa shanyar tas. Jikarsa Yurani ta tambaye shi ko gwiwar ce ta riga shi barci. Tsohon ya sunkuya ya hau kwashe jiƙaƙƙen kofinsa.

Tun ranar 'yarsa Amparo, uwar Yurani, ta kafe: in kofin bana ya jiƙe, za ta kwashe shi ta kai shi birnin Manizales ya zauna a ɗakin bene. Wurin shanyar kuwa yana da rufin kwano mai gudu a kan taya, amma ƙarfin tsohon ya daina tura shi.

Ran Asabar Yurani ta iso daga makaranta da kwali a hammata.

"Sannu da hutawa, mai gwiwar duba."

"Yauwa, mai cinye min wainar masara. Wace tsiyar kika kwaso?"

Ta zazzage masa wasu 'yan baƙaƙen abubuwa biyu, kowanne bai fi farce ba. Ta ce ƙwaƙwalwar inji ce, ita za ta ji ɗigon ruwa ta sa wani ɗan inji ya ja rufin. Ɗaya sabuwar fitowa ce, ba a san ta da aibi ba. Ɗayar ta daɗe a kasuwa, masu ƙera ta da kansu sun faɗi ciwonta: in wuta ta yi rawa sai ta suma, ta farka ta manta abin da take yi. Wai ita ta zaɓa.

"Mai farfaɗiyar kika kawo min? Kuɗin makarantarki dai sun tafi a banza."

"Sabuwar ma na da nata ciwon, Kaka, ba a gano ba ne tukuna. Kana so a gano shi a kan kofinka?"

Ya ce haka ma za ta zaɓo miji, ta je asibiti ta ɗauko na kwance. Ta ce in dai ta san ciwonsa ai da sauƙi, kakarta da ta zaɓi mai lafiya ga abin da ta ƙare da shi. Na ƙyalƙyale har ruwan mazarƙwaila ya sarƙe ni.

Wuni ta yi a sama tana ɗaure wayoyi, shi yana ƙasa yana ba ta umarnin da ba ta tambaya ba. Washegari rana tsaka, sama fes, ya kunna injin ɓare kofi. Sai ga rufi ya taho gurrr, ya rufe shanya ruf.

"Yurani! Mahaukaciyarki ta ga ruwa a mafarki!"

Ko tashi ba ta yi ba. Ta ce injinsa ne ya ja wuta, abar ta suma, ita kuma ta koya mata cewa duk sanda ta farka a ruɗe, ta fara rufe kofi kafin ta tambayi sama. Kafin ta rufe baki rufin ya koma ya buɗe, rana ta sauka a kan shanya. Evelio ya tsaya yana kallo, hula a hannu.

"In ta dame ka sai in kwance ta in koma da ita birni," in ji Yurani, tana danne dariya.

Ya tura mata farantin waina gabanta.

"Bar ta inda take. A gonar nan ba a kwashe tsoho a kai birni don yana 'yar mantuwa. Ki gaya wa uwarki haka."