Rasuwar Baƙin Akushin Baba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannu mai ƙanshin man gyaɗa har yanzu, nake sanar da 'yan'uwa rasuwar baƙin akushin Baba, surukina, ranar Talata bayan azahar, a gidanmu da ke Haɗeja.

Marigayin ya girme ni, ya girmi maigidana. Wani masassaƙi a Miga ya fafe shi tun Baba yana saurayi. Bai taɓa barin tuwo ya huce ba. Shekarar da kogi ya shigo mana gida, kwanuka duk suka nutse, shi kuwa aka tsinto shi a bayan masallaci yana yawo bisa ruwa, da ɗan tsako a ciki.

Ni da Baba kunya ba ta barinmu magana, akushin ne yake yi mana. In na ji "ƙwal, ƙwal" daga zaure, miya ta yi daɗi, a ƙaro.

Tun da aka kawo ni gidan nan nake kula da shi. Ruwan ɗumi kaɗan, a goge nan take, a shafa mai duk Juma'a, a kife a inuwa.

Ajali ya same shi na tafi suna Jahun. Wani bawan Allah, wanda bakina ba ya iya faɗin sunansa, ya so ya hutar da ni. Ya jiƙa shi a ruwan omo ya kwana, ya dirje shi da soson ƙarfe, ya shanya a kan rufin kwano. Ya tsage daga baki har gindi. Gyartai ya duba, ya girgiza kai.

Ya bar faifai, da muciya, da wata sabuwar kula da Baba ba ya ko kallo. Ya kuma bar Baba, wanda aka ce masa akushi yana wurin gyara. Loma biyu yake yi ya tsame hannu, har ya fara ramewa.

Za a yi jana'iza Juma'a da yamma a murhu, ƙarƙashin tukunyar tuwo. Masu ta'aziyya su wuce zaure shiru, su same ni a madafi. Mai tsohon akushi a ɗaki, don Allah ta zo da shi ko aro ne.

Sanar da Baba kuma, wanda ya yi wa mamaci wanka shi zai yi. Ni ina bayan ƙofa.

Ummussalma, a madadin iyalai.