Littafin da Hanan Ta Ƙi Saki

A makarantarmu, can bayan Mai Wurno, yara hamsin da biyu gare ni a aji, da allo ɗaya mai tsaga a tsakiya. Littafin Turanci kuwa ko na rantsuwa babu. Abin da ya rage a kaina shi nake juye musu.

Ranar Talata darasinmu kalmar "grip" ce. Na bi da su a hankali: ba taɓawa ba ce, ba ɗauka ba ce, riƙo ne gam. Yadda uwarka take riƙe lauje a gonar dawa. Yadda kake damƙe ƙarfen motar Sinnar in direba ya faɗa rami. Na ce kowa ya damƙi bencinsa mu gani. Waɗanda ba su da benci suka damƙi na kusa da su.

Muna cikin haka sai ga motoci uku. Mai Girma Babban Baƙo, Allah ya ƙara wa motarsa sanyi, ya zo raba mana littattafai, sababbi fil. Aka miƙa wa kowane yaro ɗaya, aka ce su ɗaga sama su yi murmushi. Mai hoto ya shiga aikinsa. Ni har na fara tsara darasin gobe a raina.

Mati mai gadi ya matso kusa da ni.

"Ya ustaz, kada ka saki jiki. Kwalayen ga na gane su. Shekaranjiya a ƙauyen surukaina aka raba su."

"Haba Mati, ka riƙa kyautata zato."

"To, waiga."

Na waiga. Wani mai kwat yana bin layi yana karɓe littattafan, yana mayarwa kwali. Wai za a je a buga musu hatimi. Dole a jinjina wa manyanmu. Da littafi sittin, in ji Mati, sun ilimantar da ƙauye tara, ko shafi ɗaya bai yi datti ba.

Sai mai kwat ya iso kan Hanan, 'yar shekara tara, wadda da ƙyar nake jin muryarta a aji. Ya ja, ba ta saki ba. Ya sake ja, littafi ya taso da yarinya a jikinsa.

"Saki mana, 'yata. Za a dawo da shi."

"An ba ni," in ji ta.

Ya dube ni. "Ustaz, yi mata magana."

Na buɗe baki, na tuna wanda ya koya mata ɗazu, na rufe abina.

Mai hoto dai bai sauke kyamararsa ba, Mai Girma kuma ya lura da haka. Nan take tausayi ya sauko masa.

"A bar mata. Don irinsu muka zo."

Aka tafa, har da ni. Ƙauye na gaba sai su yi haƙuri da hamsin da tara.

Washegari na tambayi ajin ma'anar kalmar jiya. Hanan ta miƙe, littafin yana hammatarta.

"Ustaz, in manya sun ba ka abu, ka riƙe da hannu biyu tun mai hoto bai tafi ba."