Yadda Za Ka Ci Surukinka a Gardamar Dusar Ƙanƙara

Ba ni hankalinka na minti biyar, ni kuma in ba ka tabbacin surukinka zai san darajarka kafin sanyin bana ya wuce. Shekarata ashirin da biyu a garin Suwalki, can arewacin ƙasa, kuma maƙwabcina Ludwik ya bi matakan nan. Matarsa Danka daga duwatsun kudu ya auro ta, wajen Zakopane. Shekara shida mahaifinta, tsoho Jendrek, bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai "ɗan fili", don babu duwatsu a garinmu. Abin yana ci masa rai ƙwarai. Burinsa tsohon ya ce masa "ɗana" ko sau ɗaya.

1. Kada ka yarda da maganar zurfi

Kai mutumin arewa ne. Dusar ƙanƙararku ta riga sauka, ta fi daɗewa, amma tasu ta fi tudu. Don haka da an ce zurfi, kai ka ce watanni.

"Bara har ƙirjina ta kai," in ji tsohon.

"Baba, mu tun Oktoba muka manta launin ƙasa," in ji Ludwik.

"Waccan taku? Ai fulawa ce ta zube wa mai burodi."

Yi dariya, ka ƙara shayi. Tukuna dai.

2. Auna da kakarka

Sanda mai lamba aikin masu hasashen yanayi ne, kuma ba wanda ke gayyatarsu cin abinci. Kai ka ce, "Ta kai wa kakata wuya." Kaka tana ƙanƙancewa kowace shekara, dusa tana ƙaruwa, kai kuma ba ka yi ƙarya ba. In tilas sai an auna, je gindin rumbu inda iska ke tara ta.

3. Guji wanda ya taɓa aiki a Norway

Kowane dangi da irinsa. Da ka ga ya gyara murya zai ce "can a Mayu ma", miƙa masa cuku mai hayaƙi, babban yanki.

4. Ƙara gishiri, kada ka ji tsoro

A Suwalki Ludwik a hawa na huɗu na bene yake zaune, rufinsu kuma ma'aikata ke sharewa. Duk da haka ya dubi tsohon ya ce, "Baba, ni kullum sai na kwashe rufi kafin in karya kumallo."

Tsohon ya ajiye kofinsa. Danka ta taka wa mijinta ƙafa a ƙarƙashin tebur. In taka matar ta yi haka, ka share, hassada ce.

5. Karɓi shebur

Suna gidan tsohon, kwana uku ke nan dusa na zuba. "To, ga gwani ya zo," in ji tsohon. "Ɗan fili, tsani na jikin rumbu."

Mutanen dutse ta baya suke ture dusar rufi, wajen gangare. Ko akuyarsu ta san wannan. Ludwik ya hau, ya leƙa gangaren, ya ga nisa, ya juya ya yi ta turo ta gaba. Awa biyu yana fama. Da ya sauko ya nemi ƙofar gidan ya rasa.

Danka ta leƙo ta taga. "Sannu da aiki, gwani. Ka binne mu da ranmu."

6. Karɓi nasararka yadda ta zo

Ta taga tsohon ya fito, riƙe da sanda. Ya soka ta a tulin, ya zaro, ya daɗe yana kallo. Mita biyu da rabi.

Ranar Lahadi a ƙofar coci ya tara maƙwabta. "Bana ƙofa ta rufe mana ruf, ta taga muka fita. Ba ku yarda ba? Ga ɗana nan, mutumin arewa ne, bai taɓa ganin irinta ba. Ko ba haka ba, Ludwik?"

Ludwik ya tuna Suwalki, ya tuna Oktoba, ya tuna kakarsa. Idonsa ya kawo ruwa, kuma ba don sanyi ba.

"Haka ne, Baba. Tamu ai fulawa ce."

Gargaɗi

Daraja na yi maka alkawari, ban ce za ka dawo da mutuncin garinku ba. Ciwon baya, ƙofar da ta ɓace, da maƙwabtan da za su daina amsa gaisuwarka kamar yadda na daina amsa ta Ludwik, duk babu ruwana. Shi dai yanzu da dusa ta sauka a kudu ake yi masa waya. Jiya na gan shi yana saka sabon shebur a mota, yana fito, ko kunya babu.