Kwanon Gidan Tela Ya Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ido ɗaya a kan takarda ɗaya a gabas inda hadari ke haɗuwa, babbar 'yar marigayi tela, wadda unguwa ta laƙaba wa suna Mai Tsani, take sanar da 'yan uwa da maƙwabta da masu leƙe ta katanga rasuwar rufin kwanon gidansu. Ya rasu ranar Talata da la'asar, a bakin aiki, bayan doguwar jinyar da bai taɓa neman hutu a cikinta ba. Tana yin wannan sanarwa a madadin mahaifiyarta, Mama, da ƙanwarta, Auta. Ba ta yin ta a madadin Baffa, domin Baffa ya riga ya yi tasa a majalisa, kuma an ce da fara'a ya yi ta.

Marigayi kwanon ya girmi mai sanarwa da 'yan watanni. Mahaifinsu bai taɓa koyon aikin kafinta ba, amma ya ce wanda ya iya haɗa hannun riga da kafaɗa ba zai biya wani ya haɗa masa kwano da katako ba. Ya ari guduma ya hau. Mama ce ta riƙe masa tsani, da tsohon cikin Mai Tsani, tana miƙa masa ƙusoshi daga haɓar zaninta. Ya jera su a miƙe sak kamar ɗinkin keke, har kafintocin gaske sukan tsaya a kan titi su duba. A saitin inda gadonsu zai zauna guduma ta kuɓuce ta sami babban yatsansa, shi kuwa ya huce a kan kwanon, ya bar masa wata lotsawa mai zurfi. Ya yi makonni bai riƙe almakashi ba. Mama kan ce a nan ne kaɗai ta taɓa jin mijinta ya yi ashar.

Za a tuna marigayin da haƙuri da rufin asiri. Ya ga ranakun da aka ɗora tukunya, ya ga ranakun da ba a ɗora ba, bai gaya wa maƙwabta ba. Ba shi da yawan magana. Da tsakar rana yakan ce ƙas, ƙas, kamar dattijo yana miƙa. Idan ruwa zai sauko yakan fara da tas, tas, a kusurwar kicin, domin a kwashe shanya, sannan ya saki muryarsa gaba ɗaya, ratatatata, har mai magana ba ya jin bakin kansa. Da wannan muryar ya raba faɗa da yawa tsakanin Mai Tsani da Auta, domin zagin da ba a ji ba bai da daɗin ramawa. A ƙarƙashinsa mai sanarwa ta yi karatun kowace jarrabawa, tana janye littafi daga ɗigo zuwa ɗigo, har ta zama malamar makaranta. Ba a faɗin aibin mamaci, amma gaskiya da rani yana da zafin rai. Mun yafe masa.

Jinyarsa ta fara ne bayan rasuwar tela. Baffa, yayan mahaifinsu, wanda ke da kaso a gidan, ya zo da wani mai son ya rushe shi ya gina shaguna. Ya tara dangi a tsakar gida ya ce mata uku ba za su iya riƙe gida ba, gida namiji yake so, Mama ta tattara ta koma ɗakin da ya ware mata a bayan gidansa. Mama ta ɗaga kai ta dubi sama.

"Yaya," in ji ta, "muddin kwanon da ƙanenka ya buga da hannunsa yana kaina, ba inda za ni."

Baffa ma ya ɗaga kai. Ya daɗe yana kallon tsatsar, kamar mai duba haƙoran akuya a kasuwa.

"Na ji, na yarda," ya ce. "Ranar da ya sauka, sai ki biyo ni."

Dangi suka shaida, aka watse. Daga ranar Mama ta kafa doka: ko falle ɗaya ba za a canza ba, ko ƙusa ɗaya ba za a zare ba, domin Baffa ya koyi bi ta layin da yamma, yana rage tafiya a ƙofar gida, kansa a sama. Sabon falle ɗaya ya isa ya ce wannan ba kwanon ƙanensa ba ne.

To yaya ake jinyar wanda aka hana a yi wa aiki? Da farko kwalta da tsumma. Da gara ta cinye katakon ta ciki, ƙusa ta daina kamawa, iska ta fara ɗaga masa riga a gaban jama'a, sai aka koma danne shi. Aka ɗora dutse. Aka ɗora rabin bulo. Aka ɗora tsohuwar tayar mota, sannan ƙanwar tayar, sannan ƙafar ƙarfe ta keken ɗinkin tela. Duk wannan mai sanarwa ce ta hau da shi, da kanta, bayan an tashi daga makaranta, ta ɗaura zani a kan kayan aiki, Auta na riƙe da tsani tana addu'a da ƙarfi. Ɗalibanta sun sha hango malamarsu a sama da bulo a ka. Mai shagon ƙofar gida kullum sai ya ce, "Malama, yau ma a sama ake ajin?" Wani da ya zo neman aurenta ya ce shi fa ba ya son mace mai hawa rufi. Ta ce masa ko ya riƙe tsani ko ya matsa daga ƙarƙashi, kada bulo ya same shi. Ya matsa. Har yau bai dawo ba, kuma ba a aika nemansa ba. Tana da tabon kwano a ƙwaurinta na hagu, ba ta ɓoye shi.

A ranar da zai cika babu iska, babu tsawa. Yayyafin safe ne kawai ya cika tayoyin da ruwa. Mama tana tsakar gida tana shanya, Auta tana wanke-wanke, Mai Tsani ta shigo ke nan ko jaka ba ta ajiye ba. Sai suka ji ya ce ƙiiii, a hankali, da muryar da ba su san shi da ita ba.  Sannan ya ce ɓas. Babban katakon tsakiya ya karye, ya durƙusa cikin ɗakin Mama da duk abin da aka ɗora masa. Ya jira sai da kowa ya fita. Shi kaɗai ya tafi, bai ja kowa ba, kuma wannan ma cikin halinsa ne.

Kafintan da aka kira ya tabbatar da rasuwar ta hanyar cire hula da girgiza kai. Ga masu tambayar me ya kashe shi, ba a ɓoye ba: katakon ya karye ne daidai ƙarƙashin tulin duwatsun. Nauyin maganin ne ya fi ƙarfin majinyacin. Mai sanarwa ba ta neman afuwar kowa a kan haka. Duwatsun nan sun sayo wa Mama damina bayan damina a ɗakin mijinta, a lokacin da masu ba da shawara ba su turo ko ƙusa ɗaya ba.

Ya rasu ya bar bokitai da baho da babbar tukunya, waɗanda kowannensu ya san wurin tsayuwarsa a falo ba sai an nuna masa ba, yanzu kuma sun rasa aikin yi. Ya bar indararo guda, gurgu. Ya bar taswirar ruwa a jikin silin, wadda Auta ta rantse tana kama da Baffa ta gefe. Ya bar ƙadangaru masu yawa da ba su san inda za su sha hantsi ba. Ya kuma bar gara, wadda ta cinye gadonta tun yana da rai, don haka kada ta zo ta'aziyya.

Game da magajinsa, kafinta ya faɗi abin da sabon rufi zai ci, kwano da katako da ƙusa da ladan hannu. Ba za a rubuta adadin a nan ba saboda masu hawan jini. Abin da za a iya faɗa shi ne, mai sanarwa ta je kasuwa da safe ta ji farashin bandir na kwano, ta zagaya neman sauƙi, ta dawo da azahar ta tarar ya ƙaru, mai kayan kuma yana ba ta haƙuri kamar shi aka cuta. Ta fasa abin da take tarawa domin ƙaro karatu. Ya isa ɗakin Mama da rabin falo. Ita da Auta za su ci gaba da kwana ƙarƙashin tamfol har Allah ya hore. Digiri zai iya jira, shi ba ya yoyo.

Washegarin rasuwar, tun ƙurar ba ta kwanta ba, Baffa ya iso da motar ɗaukar kaya. Ya tsaya a tsakar gida ya dubi sararin da ke saman ɗakin Mama, ya yi ta'aziyya a gajarce, ya ce alkawari ya cika, a fara fito da gado. Ya ce ga hadari, ba zai bar matar ƙanensa ta kwana a fili ba, ta zo ko na 'yan kwanaki ne. Kowa a gidan ya san wanda ya shiga ɗakin bayan nan na 'yan kwanaki ba ya dawowa, domin mai son gina shagunan ya riga ya zo ya auna gaban gidan da ƙafa.

Mama ta miƙe. Ta naɗe sallayarta, ta fara ninke zannuwa. Mace ce da ba ta taɓa tauna maganarta sau biyu ba, kuma a gaban dangi ta faɗa.

Mai Tsani ta shiga cikin ɓaraguzan. Ta ɗaga wannan falle ta yar, ta ɗaga wancan, duk sun zama kamar rariya. Can ƙasa, inda tayoyi suka kare shi daga duwatsu, ta zaro guda ɗaya. Ya yi ja, ya lanƙwashe a gefe, amma ta ɗaga shi ga rana ba ta ga haske ta cikinsa ba sai ta ramukan ƙusa. Ta jawo shi har gaban Mama ta jingina.

"Wannan zai koma sama," ta ce. "A saitin gado. Sababbin su kewaye shi."

Baffa ya yi dariya. "Ke 'yar boko, falle ɗaya ne rufi?"

"Baffa, ranar da aka yi magana ina wurin. Ban ji an ce falle nawa ba."

"Wayo za ki yi mini? Ina aka san ma nasa ne? Kwano ai kwano ne."

Mama ta ajiye zanin da ke hannunta. Ta matso, ta shafa fallen tun daga sama, a hankali, kamar mai neman zare a jikin yadi. Hannunta ya tsaya a kan lotsawar. Ta sa babban yatsanta a ciki, ya zauna daram.

"Nasa ne, Yaya," ta ce. "A nan ya zagi gudumarka. Taka ce ya ara, ka manta? Har yau tana ƙarƙashin gadona."

 Direban motar ya tambaya ko a fara lodi, Baffa ya juya ya nufi ƙofa. Da zai fita Baffa ya waiwayo ya ce shi dai abin da ya sani, yau babu kwano a kanta, in ruwa ya sauko kafin a buga, zai dawo da motar, kuma ba zai koma da ita wayam ba. Tun daga lokacin mai sanarwa ba ta zauna ba. Ta fita ta dubi gabas ta dawo ta rubuta layi biyu, ta sake fita. In an ga rubutun nan ya karkace, dalilin ke nan.

Za a yi jana'izar marigayin gobe Asabar da sassafe. 'Yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, za su zo da sikeli da amalanke su ɗauki gawar, ban da falle ɗaya da aka ambata. Ana roƙon kada a yi ciniki da ƙarfi a gaban Mama. Duwatsu da tayoyi za a jere su a ƙofar gida, duk mai kwanon da ke ɗagawa ya zo ya ɗiba, amma ya ji yadda namu ya ƙare. Za a karɓi gaisuwa a tsakar gida, ƙarƙashin tamfol, a tsaye, domin kujerun suna riƙe da bakin tamfol ɗin. Mai son ya yi wani abu ya zo da ƙusa ko hannu biyu. Shawara an samu isasshiya.

Da zarar an fitar da gawa kafinta zai ɗora sabon katako, kuma fallen tela ne zai fara hawa. Mai sanarwa ce za ta buga ƙusar farko, da gudumar Baffa, wadda za a mayar masa bayan an gama, tare da godiyar iyali bisa dogon aron. An tanadar masa wuri a gindin tsani idan yana so ya riƙe. In hadari ya riga mu, a cikin ruwan za a buga.

Masu zuwa gaida Mama kada su neme ta a tsakar gida. Ta sa an share ɗakin, an mayar da gadonta inda yake tun farko, ta warware zannuwan da ta ninke. Tana zaune a kai yanzu haka da lema a hannu, tana kallon sama, ta ce a gaya wa yarinyar nan ta bar rubuce-rubuce ta zo ta duba tsani.