Ranar da Na Nemi Yaƙi Tsakanin Tasawa da Mayahi

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da manya suka taru a kolejinmu na Tasawa kan maganar motoci. Za a tsara yadda motocin haya za su riƙa zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Tasawa da Mayahi: ina za su bi, ina za su tsaya, wace rana. Ƙauyenmu yana tsakanin Tasawa da Mayahi, amma mota ba ta tsayawa wurinmu. Ko mara lafiya sai an ɗora shi kan amalanken jaki. Sai Mushe Issufu, malaminmu na Faransanci, ya ce ni zan karanta roƙon ƙauyenmu, tunda ni ce ta ɗaya a dikte, wato shifta (ni da ko gaisuwa sai an ce in ɗaga murya).

Da na je gida hutun mako, Baba ya riga ya gaya wa kowa.

"Ke dai ki hwaɗi musu tasha muke so," in ji shi. "Gari duka ke yake kallo."



Ranar taron aka manna taswira jikin tablo, allon ajinmu, da jan layi daga gari zuwa gari. Na nemi sunan ƙauyenmu, babu. Ga magajin garin Tasawa, ga na Mayahi, ga shugaban sandika, wato ƙungiyar direbobi, yana ta kaɗa makullai, ga wani mai kaki a bakin ƙofa da bindiga. Injiniyan da ya zo daga Maraɗi ya fara bayani. Na lura ba ya Faransanci irin namu: daga maƙogwaro yake fito da "r", bakinsa ɗan tsuke. Zuciyata ta ce, in na yi irin namu na ƙauye, ba za su saurare ni ba.

Aka kira sunana. Na miƙe da takardar roƙon a hannu. Na tsuke baki, na matse maƙogwaro. Kalmar da ke rubuce "gare" ce, wato tasha. Abin da ya fito daga bakina kuwa "guerre", wato yaƙi. Da murya mafi ƙarfi da na taɓa yi a rayuwata, na sanar da mahukunta cewa mu mutanen ƙauyenmu muna roƙon a yi yaƙi tsakanin Tasawa da Mayahi, kuma a yi shi kafin damina.

Makullan nan suka daina kaɗawa. Mushe Issufu ya rufe fuska da kaye, littafinsa na rubutu. Mai kakin ya juyo ya dube ni. Wallahi na riga na ga kaina a bayan motar masu kaki, na ga Baba yana jin labarin ɗiyarsa ta kashe maganar tasha da bakinta.

Sai magajin garin Mayahi ya yi gyaran murya.

"Mu dai mun sallama," ya ce wa na Tasawa. "Ba mu shirya ba."

Ɗaki ya ɗauki dariya, ni kuma hawaye. Injiniyan ya matso, ya ce da Hausa tsantsa, irin ta kasuwar Maijirgi:

"Ɗiyata, aje takardar. Mi kuke so?"

Na gaya masa maganar amalanke ina shessheƙa. Ya tambayi inda mararrabarmu take, na nuna da yatsa a taswira, ya ɗiga bik, wato biro, a wurin.

Yanzu mota tana tsayawa ranakun kasuwa. Sai dai shugaban sandika ya kai labarin tasha, direbobi kuma suka raɗa wa wurin suna. Duk hutu, in mun kusa, direba zai waiwayo ya ce, "Akwai mai sauka Yaƙi?" Ni kuma sai in ja hijabi in rufe fuska, in ce a hankali, "Akwai."

Tun daga lokacin, in zan yi roƙo, da bakin da Allah ya ba ni nake yi. Na aro bai dace da maƙogwarona ba.