Rufin Motar da Na Ce Yana Buɗewa

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Juma'a da na tsaya a wurin ajiye motoci na gidanmu a Sentul, wata unguwa a birnin Kuala Lumpur, da sukudireba a hannu, ina kallon saman motata kamar kan yaron da aka yi wa aski da kwalba, surukar abokina kuma tana tsaye tana kallona. Amma bari in faro daga farko, don a san cewa ba wanda ya jefa ni cikin wannan hali sai ni kaina.

Lokacin ina karatun digirin digirgir a jami'ar da ke kan titin Jalan Semarak (a kan bankin Musulunci nake bincike, saboda haka kada a tambaye ni abin da ke cikin injin mota). Na gaji da jigilar matata Bilkisu da 'yarmu Hanifa a bas da jirgin ƙasa, na ƙudura sai na sayi mota. Duk ɗalibi mai hankali ƙaramar mota 'yar ƙasa yake saya, wadda ba ta shan mai. Ni kuwa idona ya faɗa kan wata doguwar tsohuwar motar alfarma mai ruwan madara, da ake ajiyewa kullum safe a gaban shagon mamak, irin gidan abincin bakin titi na can, inda nake shan shayi. Abin da ya ɗauke hankalina rufinta ne: na yadi, shuɗi mai duhu, ga layukan haƙarƙari sun fito ta ƙarƙashin yadin, ga maɓallai masu ƙyalli sun zagaye bayansa. Irin motar da ake gani a talabijin, a naɗe rufi a bar iska tana kaɗa mutum.

Mai motar wani dattijo ne ɗan Sin, Ankul Tan, wanda zai koma wurin 'yarsa a Ipoh. Ranar da muka yi ciniki ya shafa rufin ya ce na musamman ne, daga waje ya yi odarsa, a zamaninsa kaf unguwar ba mai irinsa. Na gyaɗa kai kamar wanda ubansa ke da uku irinta a gida. Tambaya ɗaya ce ta kamata in yi, wato yaya ake buɗe shi, amma na ji nauyin kada dattijon ya ɗauka daga ƙauye na fito.

A ƙasan sitiyari na gano wani maɓalli. In na danna sai in ji wani ɗan gunji daga baya, sannan ya yi shiru. Nan take na yanke hukunci cewa injin rufin ne ya raunana saboda tsufa, ɗan mai kawai yake buƙata. (Daga baya na gane na eriyar rediyo ne, eriyar kuma ta karye tun Hanifa ba ta zo duniya ba.) Bilkisu ta sha cewa in buɗe mu gani, ni kuma kullum da uzuri: yau rana ta yi zafi, gobe hadari ya haɗo, jibi hijabinta zai tashi. Wata rana ta taɓa silin daga ciki ta ce ita dai tana jin sa da tauri. Na yi mata dogon bayani a kan yadda Turawa ke ƙera kaya, har ta ce ta ji, Allah ya ba mu alheri.

A waje kuwa baki ya buɗe. Bayan sallar Juma'a, a taron 'yan gida, a wurin cin abinci, duk inda aka yaba motar sai in ce ai ba ku ga komai ba tukuna, sai ran da na naɗe rufin. Har wasu suka fara kirana Alhaji, ban kuma hana su ba.

Cikin masu jin wannan zance akwai Bitrus, ɗan Pankshin, wanda muke ɗaki ɗaya na ɗalibai a jami'a. Ba aboki ne na gaisuwa kawai ba. Shi ya tarbe ni da na sauka a ƙasar, shi ya nemo mana gidan Sentul, shi kuma ya kai Bilkisu asibiti ranar da naƙuda ta kama ta ina can Penang wurin taro. Da aka sa ranar aurensa da Rifkatu, 'yar Kafanchan da ke karatun haɗa magunguna a Bukit Jalil, ya zo ya ce abu ɗaya yake roƙo: in ɗauko ango da amarya daga coci zuwa wurin liyafa, rufi a buɗe. Ya ce Rifkatu ta riga ta faɗa wa ƙawayenta, ta faɗa wa mai hoto, ta faɗa wa mahaifiyarta da za ta zo takanas daga gida. Na dafa ƙirji na ce boleh, wato ba matsala a yaren garin, ai ko bai roƙa ba ni zan yi.

Ana gobe biki, bayan an sauko daga masallaci, Bitrus ya zo da ribin da furannin roba don a yi wa motar ado. Tare da shi akwai Rifkatu da mahaifiyarta Mama Saratu, sun biyo su ga motar a hanyarsu ta zuwa wurin tela. Bilkisu ta sauko da zoɓo a faranti. Na shiga na danna maɓallina, gunjin ya yi, rufi bai motsa ba. Na fito ina murmushi na ce daɗewa ce ta sa ya cije, da hannu za mu sake shi, ai na kalli bidiyon yadda ake yi. (Na kalla ɗin kuwa. Sai dai motar cikin bidiyon rufinta na gaske ne.)

Na fara da maɓallan baya. Na ja, na murɗa, ba wanda ya ɓalle. Na sa sukudireba na ɓanɓare guda ɗaya, sai na ga ashe ba ya riƙe da komai, kwalliya ce kawai aka ɗaure da ƙusa. Mai hankali a nan zai dakata. Ni sai na cusa sukudireban ƙarƙashin zaren ƙarfen da ya zagaye rufin na ɗaga, ya lanƙwashe, na kama bakin yadin na ce Bitrus ya kama ɗaya gefen mu ja tare.

Muka ja. Yadin ya yi wata ƙara mai tsawo, wani soso rawaya ya zubo mana kamar garin kwaki, ruwa mai launin shayi ya gangaro ta gilashi, warin rima ya cika wurin. Na ce musu wannan abin hana zafi ne, duk motocin alfarma suna da shi. Muka sake ja. Haƙarƙarin da nake alfahari da su suka biyo yadin, ashe 'yan tsirarun roba ne aka manna da gam. A baya akwai wani ƙoƙo na roba mai tauri, na kwance shi ya faɗo ƙasa, sai ga wasu ƙananan tagogi biyu da ban taɓa sanin motata tana da su ba. A sama kuma, daga gilashin gaba har na baya, wani abu ne shimfiɗe, toka-toka, da dabbare-dabbaren gam da tsatsa da jerin hujoji.

Rifkatu ta matso ta ƙwanƙwasa shi da zobenta. Ta ce, "Yaya, wannan ai ƙarfe ne."

Wallahi har a lokacin ban sallama ba. Na ce wataƙila murfin kariya ne, rufin gaske yana ƙarƙashinsa. Bilkisu ta sunkuyar da kai tana gyara kofunan da ba su buƙatar gyara. Mama Saratu ta gyara zaman tabarau ta ce, "To ɗana, shi ƙarfen ta ina yake naɗewa?"

Ba gatse a muryarta, da gaske take tambaya, shi ya sa abin ya fi ciwo. Na koma gefe na kira Ankul Tan a waya. Da ya gane abin da nake tambaya ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce shi bai taɓa cewa yana buɗewa ba, rufin ado ne, ana manna shi a kan na ƙarfe don mota ta yi kama da mai buɗewa. Ya ƙara da ba ni shawara, a matsayinsa na babba, cewa ko da wasa kada in cire shi, don ƙarƙashinsa duk huji ne. Na dubi yadin yashe a ƙasa, na ce masa na gode.

Da Bitrus ya zage ni da na fi samun sauƙi. Tsayawa ya yi yana juya ribin a hannunsa, ya kasa kallon Rifkatu. Na ce zan nemo musu motar haya ko daga ina ne, amma ita ta ce a'a, a wannan aka yi alkawari, a wannan za ta shiga. Mama ta ce mota dai mota ce, tun da tana da ƙafa huɗu. Haka muka kwashe yammacin muna kankare gam, ni da ango, ana gobe aurensa. Na bi hujojin na liƙe da salatif. Bilkisu ta hau sama ta sauko da farin leshinta da ba ta ɗinka ba, muka shimfiɗa a kan rufin muka ɗaure da ribin. Daga nesa, in mutum bai da tabarau, har kyau ya yi.

Ranar Asabar na sa babbar riga na jira a ƙofar coci. Ango da amarya suka shiga baya, Mama ta zauna gaba kusa da ni saboda gwiwarta ba ta son ƙananan motoci. Rana tana haske, na fara cewa a raina ƙila Allah ya rufa asiri. Muna hawa babbar hanyar Bukit Jalil iska ta shiga ƙarƙashin leshin, ya kumbura, ya fizge, na gan shi ta madubi yana tafiya can wajen itatuwan gefen titi. Ban faɗa wa kowa ba. Ba a jima ba gari ya yi duhu, irin na la'asar ɗin Kuala Lumpur, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, motoci suka tsaya cak.

Ɗigon farko a kan hulata ya sauka, na yi kamar ban ji ba. Na biyu a gwiwar ango. Daga nan sai silin ya jiƙe, ruwan tsatsa ya fara ɗiga layi-layi daidai kan farar rigar amarya. Bitrus ya tara hannuwansa, ya tara hankici, ya cire kwat ya riƙe sama da kanta. Mama ta buɗe jakarta a natse ta zaro laima ta miƙa baya. Haka ango ya buɗe laima a cikin mota, ya riƙe wa amaryarsa, 'yan cikin bas ɗin da ke gefenmu suka manna wayoyi a gilashi suna ɗauka.

Mama ta goge ɗigon da ya sauka a goshinta, ta juyo ta ce, "Ka cika alkawari, ɗana. A buɗe yake."

Rifkatu ce ta fara, wata irin dariya da ta fi kama da kuka, har kwalli ya zubo mata. Bitrus ya bi, laimar tana rawa a hannunsa. Ni kaɗai na riƙe sitiyari da hannu biyu ina kallon gaba, ina roƙon Allah ya sa hanya ta buɗe, ko kuma ƙasa.

A ƙofar ɗakin taro mai hoto yana jira da kyamara, kamar yadda aka tsara, don ya ɗauki amarya tana ɗaga wa jama'a hannu ta saman mota. Abin da ya samu shi ne laima tana fitowa daga ƙofar baya a buɗe, sannan amarya. A kafaɗar rigar akwai tabon tsatsa kamar tafin hannu. Bilkisu ta cire mayafinta mai ruwan zinare ta yafa mata, da shi aka yi dukkan hotunan, har wasu suka ɗauka sabon salo ne. Da aka zo godiya, mai gabatarwa ya ce Alhaji mai mota ya miƙe a tafa masa. Na miƙe. An tafa sosai, fiye da yadda ake tafa wa direba.

Motar an toshe hujojinta an yi mata fenti, ta koma tsohuwar mota kamar kowace, na yi ta hawa har na gama karatu. Leshin Bilkisu na sayo wani, ta ce bai kai wancan ba. Bitrus da Rifkatu sun koma Jos, zumunci yana nan daram. Duk Kirsimeti in na kira su in yi musu barka sai a miƙa wa Mama waya, ita kuma, a tsakiyar rani, gaisuwarta ɗaya ce: "Ɗana, yaya ruwa?" Ni kuma in ce ruwa ya yi gyara, Mama.

Abin da na koya bai da yawa. Yanzu in abu ya yi kyau a rufe, ina barinsa a rufe, har da bakina.