Rasuwar Kwamfutar Alhaji Sabitu Karofi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, kuma ba tare da neman a tausaya masa ba, Alhaji Sabitu Karofi, tsohon dillalin wake a kasuwar Dutsin-Ma, yana sanar da rasuwar kwamfutarsa ta tebur. Ta cika ranar Talata da hantsi a shagon Hudu mai gyara, tana da shekara goma sha huɗu a gidansa.

Ɗansa Ɗayyabu ne ya kawo ta kafin aiki ya kai shi Legas. Alhaji bai yi boko ba, bai kuma taɓa roƙon a koya masa ba. Wuri ɗaya ya sani a fuskarta: 'yar jaka ruwan ɗorawa a kusurwar hagu. In ya danna sau biyu, sai tsakar gidan surukansa na Kurfi ya bayyana, ranar sunan jikarsa Mas'uda. Minti bakwai ne. A cikinsu matarsa, Hajiya Batula, wadda Allah ya yi wa rasuwa shekara shida da suka wuce, takan ɗago daga kan tukunya ta ce, “Kai Ɗayyabu, kawar da abin nan daga fuskata! Je ka gaya wa babanka tuwonsa na hucewa, tun da shi sai an bi shi da roƙo.” Sai ta yi dariya.

Marigayiya kwamfutar mai riƙon amana ce. Kullum bayan la'asar takan yi gurnaninta, ta yi “ƙit” sau ɗaya, ta nuna abin da aka nema. Ba ta taɓa tambayar dalili ba, ba ta taɓa kai labari waje ba.

Ciwon ajalinta nauyin jiki ne. A bana, in an kunna ta, mutum zai yi alwala ya yi salla ya dawo ba ta farka ba. Ɗayyabu ya bugo waya ya ce a kai ta a ƙara mata ƙwaƙwalwa, a sa mata sabuwar manhaja. Aka ɗora ta a babur. Hudu ya yi bayani cewa sai an goge tsohuwar kafin sabuwar ta zauna, ya kuma tambaya har sau uku ko akwai abin da za a kwashe. Shagon cike yake da mutane, har da waɗanda Alhaji ya ci kasuwa da iyayensu. Dattijo ba ya faɗa a gaban jama'a cewa muryar matarsa yake saurare. Alhaji ya ce babu. Sau uku ya faɗa.

Kada kowa ya zargi Hudu. Ya yi aikinsa. Abin da ya dawo gida yana tashi kafin a zauna, ba gurnani, fuskarsa shuɗiya fes. Kusurwar hagu ba komai. Wayar da Ɗayyabu ya ɗauki hoton da ita ta daɗe da ɓata.

Ta rasu ta bar allo ɗaya, madannai da harafi biyu suka fita, linzami mai igiya, da zanen da ake lulluɓe ta da shi. Ta bar Alhaji.

Ba za a binne ta ba. Gobe Alhamis da safe za a kai gangar jikin Kurfi, a ba Mas'uda ta yi karatu da ita. Zaman makoki a zauren Alhaji ne, kwana uku, daga la'asar zuwa magariba. Ba a son kuka, ba a son dogon jawabi. Sai dai in akwai wanda ya halarci sunan nan, ya kuma ɗauki wani abu a wayarsa, ko da na minti ɗaya ne, ya zo da ita. Za a ba shi wurin zama. Kada ya tambayi dalili.